Jirgin bidiyo da ruwan Madarunfa: amsa ga mai shirin saye

Tambaya: Wani ɗan kasuwa daga unguwar Zariya, nan Maraɗi, ya rubuto cewa yana son saka jirgi mai inji a tafkin Madarunfa, ya riƙa zagayawa da baƙi ranakun hutu da lokacin salla, da damina kuma ya yi fiton mutanen ƙauyukan gaɓa. An turo masa bidiyon wani jirgin faiba (wato na zaren gilas da danƙo) ɗan Kwatano, tsawon mita biyar da rabi, da inji mai ƙarfin doki 60, mai sharhi yana ta zuba masa yabo. Tambayarsa ita ce yaya ake gane jirgi mai kyau, kuma maganar wa zai kama.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na kalli bidiyon har sau uku. Jirgin kyakkyawa ne, ban musa ba, amma da kuɗina ne ba zan kawo shi Madarunfa ba. Na yi shekaru ina gyaran injinan jirgi a bakin kogi a Yamai, daga baya a Gaya, kafin in dawo gida, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne daga ƙasa ake fara karanta jirgi, yadda mai sayen doki yake duba ƙafa da haƙori kafin ya kalli sirdi.

Ka koma wurin da suka ɗora shi kan tirela ka tsayar da hoton. Ƙasansa mai tsini ne kamar ƙirjin kaza, tun daga hanci har allon baya inda ake rataya inji. Wannan ƙira tana da asali. A 1960 wani Ba'amurke, Dick Bertram, ya ci tseren teku daga Miyami zuwa Nassau da jirgin da Ray Hunt ya zana masa, ƙasansa da tsinin da ya kai digiri 24 har baya, ranar kuwa teku ta yi fushi. Tun daga nan masu ƙera jiragen gudu suka bi wannan layi, don tsinin yana yanka igiyar ruwa maimakon jirgi ya riƙa faɗawa a kanta yana karya wa mutane baya. Amfaninsa ke nan, kuma amfani ne na gaske ga wanda yake da teku. Sai dai akwai farashi. Jirgi mai tsini yana nutsewa sosai, yana neman babban inji kafin ya tashi, yana shan mai, kuma in ya tsaya cik sai ya yi ta rangaji, mutum ɗaya ya matsa gefe duk jirgin ya bi shi. To Alhaji, wace igiyar ruwa za ka yanka a Madarunfa? Tafkin daga wannan gaɓa zuwa waccan 'yan kilomitoci ne. Bakinsa taɓo ne da ciyayi, da rani ruwan ya ja baya ya bar maka fili, ga tarun masunta a shimfiɗe ko'ina. Gulbin Maraɗi kuma ka fi ni saninsa: wata biyu ko uku yana tafe da ƙarfi ɗauke da yashi da rassan itace, sauran shekara yara na buga ƙwallo a cikinsa.

Irin jirgin bidiyon nan, in ka sauke ƙafar inji, yana son zurfin da ya kai santimita 70 ko 80 kafin farfela ta huta. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kamar faranti, ko mai ɗan tsini a hanci da ke bajewa zuwa baya, jikinsa bai fi santimita 15 yake nutsewa ba, sai ka ɗaga inji ka tura da gwangwala har tudu. Na taɓa ganin wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta sayo jirgi irin naka don ceton mutane lokacin ambaliya. Ranar da aka buƙace shi, samari takwas ne suka shiga ruwa iya cinya suna tura shi daga kan yashi, wani tsohon masunci ya zo da kwale-kwalensa na katako ya wuce mu, ya kwaso mata da akuyoyi ya dawo, mu muna nan muna "ɗaya, biyu, tura". Da ya zo daidai mu sai ya dubi jirgin ya ce, "Wannan na Nasara ne, ku kai mishi ruwanshi." Ban ga laifinsa ba.

Sai batun gudu, don na san shi ne ya ja hankalinka. Jirgi yana tafiya iri biyu. Akwai tafiyar da yake ture ruwa da ƙirjinsa, irin ta kwale-kwale, kuma wannan tana da iyaka da tsawon jirgi ya yanke mata: jirgi mai mita biyar ba ya wuce kimanin kilomita 10 a awa ta wannan hanya, kome ka ƙara masa wuta sai dai ya ɗaga hanci ya tono rami a bayansa. Akwai kuma tafiyar da yake hawa saman ruwa ya kwanta yana zamiya, ita ce kake gani a bidiyo. Kafin ya hau sai ƙarfin inji ya rinjayi nauyi. Da mutum biyu da rabin tanki zai hau cikin daƙiƙa kaɗan. Zuba masa mutum takwas da buhun gero biyu, sai ka gan shi ya maƙale a tsakani, bai hau ba bai sauka ba, hanci a sama har direba ba ya ganin gabansa, kuma a nan ne ya fi shan mai ya fi tayar da igiyar da za ta kifar da ƙaramin kwale-kwalen da ke gefe. Injin doki 40 mai haɗin mai, in ka buɗe masa wuta duka, yana iya shanye lita 15 zuwa 20 a awa guda, na 60 ya fi haka. Na doki 15 kuwa wajen lita 7 ne, a rabin wuta ƙasa da haka sosai. Ka ɗauki biro ka lissafa kuɗin da fasinja zai biya ka don zagayen rabin awa, ka ga wanne ne zai bar maka na cefane. Baƙon da ya zo ganin tsuntsaye da kaburburan waliyyai ba sauri yake yi ba.

Yanzu abin da ya fi kome, wato kaya. Jirgin shaƙatawa da aka sayar a Tarayyar Turai tun daga 1998 yana ɗauke da wani ɗan allo, galibi kusa da sitiyari ko a allon baya, mai alamar CE. A kai za ka ga harafi ɗaya cikin A, B, C, D, da yawan mutane, da iyakar nauyi a kilo. C na ruwan gaɓar teku ne da manyan tafkuna, igiya har mita 2. D na ruwa mai kwanciya ne, igiyar da ba ta wuce santimita 30 ba. Lissafinsu kowane mutum kilo 75 ne. In daga Amurka ya fito, jirgi mai inji da bai kai ƙafa 20 ba shi ma doka ta sa a manna masa allon da ke faɗin mutane nawa, nauyi nawa, doki nawa. Ka ce a ɗauko maka hoton allon nan kusa-kusa. Jirgi mai mita biyar da rabi da wuya ka ga an rubuta masa fiye da mutum shida ko bakwai. In aka ce allon ya ɓace, ko ka ga sabon fenti daidai wurin, ka riga ka sami amsa.

Na tsaya kan wannan ne don mu a ƙasar Hausa lodi ne yake kashe mu. Ba mu manta Bagwai ta jihar Kano ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin da ya taso daga Badau a madatsar Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya za su Mauludi, aka rasa rai kusan talatin, yawancinsu yara. Allah ya jiƙansu. Abin da ke faruwa a irin wannan ba wani asiri ba ne. Tazarar da ke tsakanin ruwa da leɓen jirgi ita ce ranka, kowane mutum da ya shiga yana cin wani abu daga cikinta. Da ta ragu, ƙaramar igiya ta leƙo ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgi mai daɓen mita 4 da faɗin mita 1.2, in ruwa ya kwanta a cikinsa santimita 5 kacal, iya tsawon ɗan yatsa, ka ɗauki kilo 240 da ba ka gayyata ba, mutum uku ke nan. Kuma shi ba ya zama wuri ɗaya kamar fasinja, duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara danne shi. Mata su tsorata su tashi tsaye, shi ke nan. Ni dai a ƙaramin jirgi, in an gama lodi ban ga tazarar da ta kai wajen santimita 30 ba, sai wani ya sauka, ko da kawuna ne.

Abin da za ka nema a ƙira shi ne jirgin da ko ya cika da ruwa ba zai tafi ƙasa ba. Ana yin haka da soso mai rufaffun ƙofofi da ake cusawa ƙarƙashin daɓe da kujeru, ko akwatunan iska. Kamfanin Boston Whaler da wannan ya yi suna: a 1961 mujallar Life ta buga hoton mai kamfanin, Dick Fisher, zaune cikin jirginsa ana raba shi biyu da zarto, bai nutse ba. Amma soso yana tsufa. In ruwa ya daɗe yana shiga ta ramin ƙusa, sai ya jiƙe ya zama kaya. Tsohon jirgin faiba yana iya ɓoye kilo ɗari na ruwa a cikinsa, waje kuwa yana ƙyalli. Maganin wannan sikeli ne. A hau da shi kan sikelin manyan motoci, a cire nauyin tirela da na inji, a gwada da nauyin da kamfani ya rubuta.

In ka je gabansa, ka bar kujeru da fitilu, ka zagaya baya. Allon da inji ke rataye a kai, a yawancin tsofaffin jiragen faiba, katako ne a tsakiya aka lulluɓe. Ruwa na bin ramukan kusoshin inji ya ruɓar da shi, fatar waje ba ta nuna kome. Ka ɗaga ƙafar inji sama, ka kama ta da hannu biyu ka danna da nauyinka, idonka a kan allon. In ya motsa ko ka ji ƙara, ko ka ga tsaga kamar saƙar gizo a kusurwoyinsa, ya mutu. Ka sa a kwance ƙusa ɗaya ta ƙasa: in ruwa mai launin shayi ya biyo ta, ko ka zura tsinke ya fito da baƙin gari mai laima, ka yi sallama. Sannan ka ɗauki ƙotar sukudireba ka bi jikin jirgin kana ƙwanƙwasawa, yadda mata ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa. Wuri mai lafiya yana amsawa kau-kau, inda faiba ta rabu da abin da ke cikinta sai ka ji dum. Ka cire takalmi ka taka daɓen ko'ina, musamman gindin kujeru, duk inda ya lotsa kamar katifa akwai ruɓa a ƙasa. Ka zura kai inda ba a yi wa fenti ba, cikin akwatin hanci ko ƙarƙashin kujera, da tocila. Aikin kirki za ka ga zaren gilas a saƙe kamar tabarma, ya sha danƙo daidai, sumul. Aikin ha'inci za ka ga fari-fari busasshe, zare na tsikarin hannu, ko ka ga sama da ƙasan jirgin ƙusoshi kawai suka haɗa su. Kar ka manta da rana. Zafin watan Afrilu na Maraɗi yana cin fatar faiba har ta koma alli, in ka shafa ta biyo hannunka, kuma in ta fashe, mai gyaranta da kayan gyaran ba a bakin titi suke ba.

Saboda haka na fi karkata ga alminiyom a wurinmu. Ba shi da nauyi, mutum huɗu sun ɗaga shi, rana ba ta dame shi ba, in ya daki kututture lotsawa yake. A nemi wanda kaurinsa ya kai milimita 2 ko fiye a ƙasa, na walda ya fi na ƙusa daɗewa in waldar ta yi kyau. Aibinsa: da azahar kujerar tana ƙona mutum sai an shimfiɗa katako, yana da ƙara, kuma waldarsa ba ta kowane mai walda ba ce, sai mai injin gas na argon. Jirgin katako kuma kada ka raina shi. Dogon kwale-kwale irin na Gaya, da filankin maɗaci ko makamancinsa, siriri ne, shi ya sa ƙaramin inji ke tura kaya mai yawa da shi, kuma kafinta da kwalta sun ishe shi. Sharaɗinsa ya zauna a ruwa, in ka bar shi a tudu rani guda zai buɗe baki. A sa masa jarkoki rufaffu a ɗaure tamau ƙarƙashin kujeru, sun zama akwatunan iskarsa.

Inji ba zan ja shi da nisa ba. Ka sayi wanda kayansa ke kusa. A kogin Kwara da tafkin Chadi Yamaha Enduro ne ya cika ruwa, na doki 15 da na 40, don makanikai sun san cikinsa kuma fulogi da farfela da robar famfo ana samu. Na 15 bai kai kilo 40 ba, ka cire shi ka kai ɗaki da dare. Na 40 ya haura kilo 70. Ƙafar inji iri biyu ce a ƙanana, gajera wajen santimita 38, doguwa wajen 51, dole ta dace da tsayin allon baya, faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi. Haɗin mai lita 50 na fetur ga lita ɗaya ta baƙin mai irin nasa, a auna, ban da ƙiyasi, kuma fetur ɗin kwalba na bakin hanya a tace shi. Da ka tayar, ka duba ɗan ruwan da yake tsartuwa ta baya, mu fitsari muke ce masa. In babu, kashe nan take. Ruwanmu yashi ne, yashi kuwa yana cinye robar famfo, in ta mutu inji ya ƙone cikin mintoci. Ka kwance ƙusar man giya ta ƙasa: in ya fito fari kamar kindirmo, ruwa na shiga. Wanda ya tayar maka da inji a tudu babu ruwa don ya burge ka, ya riga ya lalata robar a gabanka.

To, maganar mai sharhi. Ban ce maƙaryaci ne ba. Na ce ka saurari abin da bai faɗa ba. Minti tara yana magana, bai ce mutum nawa ne a ciki ba, bai ce mai nawa ya sha ba, bai nuna ƙasan daɓe ba, bai ce jirgin na wa ne ba, kuma a ƙarshe lambar waya ta fito. Wannan dillali ne, kuma dillanci sana'a ce, sai dai ba a neman shaida wurinsa. Ko a Turai haka abin yake: mujallun jiragen ruwa da tallan kamfanoni suke rayuwa, kamfani ne ke ba da sabon jirgi, a fita da mutum biyu ranar da ruwa ya kwanta, a dawo a rubuta. Da wuya ka karanta an ce kada a saya. Har wani yare gare su. In suka ce jirgi "yana son direba mai kula", ka fassara da cewa yana da wuyar riƙewa. In suka ce "zai fi jin daɗi da babban inji", nufinsu wanda ke kai bai ishe shi ba.

Sharhin gaskiya yana da alamu, kuma ba su da wuyar gani. Mai shi zai faɗi inda ya samo jirgin da wanda ya biya kuɗin mai. Zai ba ka lamba: mutum kaza, lita kaza, gudu kaza da GPS na waya, zuwa da dawowa don iska da ƙarfin ruwa kada su yi masa ƙari. Zai faɗi aibi da sunansa da wurinsa, ya ce ruwa na taruwa a kusurwar hagu, ko murfin akwati ya karye a wata na uku, don babu jirgin da ba shi da aibi, kowace ƙira musaya ce, ka samu nan ka rasa can. Zai ce wannan ya dace da wane, bai dace da wane ba. Kuma ya fi daraja in bayan shekara ɗaya ko biyu aka yi shi. Shi ma mai jirgi ka yi hattara da yabonsa, wanda ya zuba miliyoyin sefa ba ya son a ce an cuce shi, sai ya sayar tukuna gaskiya ke fitowa. Mutum biyu ne ba su da dalilin ɓoye maka: makaniken da ke kwance irin injin kullum, da direban da aka ɗauka aiki yana tuƙa jirgin wani. Ka sayi shayi ka zauna da su. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 jirage suka yi ta fito da mutane da kaya a wurin, direbobin can sun ga abin da kowace ƙira ke yi in an yi mata lodi, kwana biyu a bakin ruwan nan ya fi maka bidiyo ɗari.

Shawarata ke nan, Alhaji: jirgi mai mita biyar zuwa shida, shimfiɗaɗɗen ƙasa ko mai ɗan tsini a hanci, faffaɗa, mai dogon gefe, alminiyom ko katako, da injin doki 15. Da cikakken lodi ba zai tashi sama ba, zai tafi a natse kamar kilomita 10 a awa, kuma ya isa. Rarar kuɗin ka sayi rigunan ruwa, har da na yara, filafili biyu, gwangwala, bokitin kwarfa, da farfela da robar famfo na ajiya. Direba ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa kullum. Fiton gulbi lokacin da yake tafe da ƙarfi kuwa ka cire shi daga lissafi sai direbanka ya yi damina guda a tafki, ruwan da ya tashi tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka koma tudu ba wurin koyo ba ne.

Kada a yi cinikin biri a sama. Ka sa sharaɗi a rubuce cewa cikon kuɗi sai an gwada a ruwa. Ranar gwaji ka zo da buhunan yashi masu kilo 50, uku a madadin mutum biyu, a jera su inda fasinja za su zauna har adadin da kake niyyar ɗauka. Ka auna tazarar leɓe da ruwa. Ka sa mutum biyu masu riga su koma gefe ɗaya a ruwa marar zurfi ka ga iya karkatarsa. A yi gudu, a saki wuta farat ɗaya, ka duba ko igiyar baya na hawowa ta kan allo. A bar shi a ruwa da lodinsa awa biyu, a dawo a duba cikinsa. Kafin duk wannan kuma ka je ka gaida sarkin ruwa da shugabannin masunta, ka ji inda tarunsu yake da lokutan da ba sa son ƙarar inji, ka bi ta magajin gari da ma'aikatan gandun daji don takarda. In ka sa rana ka aiko mini, zan zo da ma'aunin matsin silinda mu duba injin tare.